Takalmi Guda

A aljihun teburina na ƙasa,
ƙarƙashin takardun jarrabawar bara,
akwai takalmi guda, na hagu, igiyarsa a tsinke.
Ɗan'uwansa ya faɗa kwata a Tudun Wada
ranar da barkonon tsohuwa ya tarwatsa mu,
ina shekara ashirin da ɗaya, muryata ta dushe.
Gudu na yi.
Wannan ban taɓa sa shi a littafi ba.

Shekara goma sha bakwai ke nan
ina koyar da ilimin zamantakewa.
Alli ya ci yatsuna, albashi ya ci haƙurina.
Digirina na uku a kan masu ɗaga kwali na yi shi:
wa ke fara waƙa, wa ke riƙe jakar gudummawa,
wa ke shiga ofis ya fito da sabon agogo.
Na yi watanni a Gidan Arewa
ina buɗe jaridun da gara ta riga ni karantawa.

Na bi su har inda rayuwa ta sauke su.
Bobai, wanda a da muryarsa ke tsayar da motoci,
yanzu ƙarfe yake aunawa a Panteka.
Ya ce, "Malama, kashe rikodar in ba ki labari."
Abin da ya faɗa bayan nan shi ne binciken,
kuma ban da izinin rubuta shi.
Zugwai na sayar da magani a Barnawa;
ta nuna mini tabon gwiwarta, ta yi dariya,
ta ce har yau shi ke gaya mata hadari ya taso.
Magaji kuwa, sakatarensa na gani, sau huɗu,
a bakin ƙofa mai hura sanyi:
"Yallaɓai ya ɗan fita."

Fayil ɗin ƙarin girmana ya shekara uku a hawa na biyu.
Wai mujallun da na buga ba a san su a waje ba.
Wani farfesa ya ja ni gefe, cikin tausayi:
"Dakta Lantana, ki koma kan shaye-shaye mana.
Wa zai ba ki kuɗi ki tsokano gidan rina?"
Na ce na gode.
Na hau a-daidaita zuwa Kawo, ina ƙirga canji.

Litinin aka ƙara kuɗin makaranta.
Laraba, ina tsakiyar bayanin
yadda taron mutane ke zama murya ɗaya,
sai muryar ta taso daga bakin get.
Kafin in juyo, daga ni sai kujeru.
Na tsaya a taga da biro a hannu ina ƙirga kawuna.
Hali zanen dutse.

Juma'a takarda ta iso:
an sa ni a kwamitin ladabtarwa,
"saboda ƙwarewarki a wannan fanni."
Hotuna goma sha biyu a kan tebur.
Na bakwai Saratu Ishaku ce, 'yar layin gaba,
wadda ta taɓa gyara mini shekara a allo,
aji ya yi tsit, kuma ita ce da gaskiya.
Bakinta a buɗe, hannunta sama,
ƙafarta ta hagu ba takalmi.

Shugaban kwamiti ya ce, "Kin gane ta?"
Fanka na juyawa, ba ta kawo iska.
Duk abin da na rubuta a kan irin wannan ɗaki
daga waje na rubuta shi.
Na ce a ba ni zuwa Litinin.

La'asar sakaliya na jawo aljihun tebur.
Ban san me zan ce musu ba tukuna.
Na dai kakkaɓe shi, na sa a jaka,
zan tsaya wurin mai gyaran takalma
a bakin Kasuwar Barci
in ji ko igiyar za ta ɗinku.